Babi na Biyar: Tukunya Cikin Tukunya

A tsakiyar shekarun 1990, wani malami mai suna Mohammed Bah Abba, wanda yake koyar da harkokin kasuwanci a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya ɗauki tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, ya saka ƙaramar a cikin babbar. Ratar da ta rage tsakaninsu ya cika ta da yashi, ya zuba wa yashin ruwa har ya ƙoshi. Sai ya jera yalo da tumatir a cikin ƙaramar, ya rufe bakinta da jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye a inuwa, wurin da iska ke ratsawa. Iyakar na'urar ke nan. Ba waya, ba batir, ba man fetur. Hidimarta ɗaya ce, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma.

Ya yi ta gyara da gwaji daga 1995 zuwa 1997, kuma abin da ya fito ya wuce wasa. Yalon da kan lalace cikin kwana uku ya kai kwana 27. Tumatir da tattasai suka yi mako uku har da ɗoriya. Alayyafo, wanda ake tsinka da safe ya yi yaushi kafin magariba, ya kwana 12. Bah Abba ɗan gidan magina tukwane ne, ya taɓa yumɓu tun yana yaro, sannan ya yi karatun Bayoloji da Kemistiri a makaranta kafin ya tafi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Abubuwan nan biyu, na gida da na aji, su ne suka haɗu a kansa. A wurin ɗalibai da yawa kuwa, har su gama sakandare ba sa haɗuwa.

Kowa a ƙasar Hausa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. In ka tambayi dalili, amsar da aka fi bayarwa ita ce ƙasa aba ce mai sanyi. Ba haka ba ne. Ajiye busasshiyar tukunya a ɗaki ta wuni, ka auna ta, za ka tarar zafinta ɗaya da na tabarma da na bangon ɗakin. Sanyin randa daga ruwan da take asara yake fitowa.

Ruwa tarin ƙwayoyi ne 'yan mitsi-mitsi waɗanda ido ba ya gani, kullum kuma cikin motsi suke. Abin da muke kira zafi ma'aunin wannan motsi ne. Sai dai ba gudu ɗaya suke yi ba, wasu na tafe a hankali, wasu a guje. Ƙwayoyin suna riƙe da juna, saboda haka wadda za ta ɓalle daga fuskar ruwa ta bi iska a matsayin tururi sai mai ƙarfin gaske. Duk wadda ta fice, da ƙarfinta take tafiya. Abin ya yi kama da garin da attajiransa ke ƙaura ɗaya bayan ɗaya: waɗanda aka bari a baya sai talauci ya ƙaru a cikinsu. Talaucin motsi a jikin ruwa shi ne sanyi.

Yawan zafin da tururin ke kwashewa shi ne abin mamaki. Kafin ka ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya, kana buƙatar kilojul 4.2. Daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa ke nan, kilojul 420. Amma mayar da wannan litar tururi a irin zafin ɗakunanmu yana cin kusan kilojul 2,400, fiye da ninki biyar. Mu kawo lissafin tsakar gida. Randa mai lita 20 tana buƙatar a zare mata kilojul 84 kafin ta sauka digiri ɗaya. Idan kofi ɗaya, wato rubu'in lita, ya tsatso ta jikinta ya bushe, ya tafi da kilojul 600. Raba 600 da 84, za ka sami bakwai da 'yan kai. Kofi guda ya sauke randa sukutum da digiri bakwai, in da a ce babu wani zafin da ke shigowa daga waje. Yana shigowa kam, shi ya sa randar ke tsayawa a wani mataki, inda abin da ke fita ya yi daidai da abin da ke shiga.

Wani malami a Gilasgo ta ƙasar Sikotland, Joseph Black, shi ya fara auna wannan ɓoyayyen zafi a farkon shekarun 1760. Malaminsa William Cullen ya riga ya nuna wa jama'a, a shekarun 1750, cewa in aka zuƙe iskar da ke kan wani ruwan sinadari mai saurin tashi, yakan tafasa ya ja zafi har ƙanƙara ta fito. Firjin da ke shagon mai sayar da lemo jikan wannan gwaji ne. A cikin bututunsa akwai ruwan sinadari da ke zama tururi yana zuƙe zafin kayan da aka ajiye, injin ya matse tururin ya koma ruwa a bayan firjin, ya saki zafin a can. Dalilin ɗumin bayan firji ke nan. Bambancinsa da tukunyar Bah Abba shi ne firji yana maido da ruwansa, yana biyan kuɗin maidowar da wutar lantarki. Tukunya kuwa tana sallama nata ga iska, uwar gida ta ƙaro wani da moɗa. Salkar matafiyi da gumin da ke jikinka duk a kan wannan doka suke aiki.

To me ya sa sai tukunyar ƙasa? Me ya hana a yi da baho biyu na roba? A nan maganar ta bar hannun malamin Fiziks ta koma na malamin Kemistiri, ko da yake tukunyar ba ta san an yi canjin malami ba.

Duwatsun da suka kewaye Dutse, waɗanda masana suka ƙiyasta shekarunsu sun haura miliyan 200, dangin giranit ne. Dubi tsagin irin wannan dutse da kyau, za ka ga ba abu ɗaya ba ne: akwai ƙwayoyi masu ƙyalli kamar gilashi, akwai masu launin ja-ja ko fari-fari. Ruwan sama yakan haɗu da iskar kabon dayoksaid ya zama ɗan asid marar ƙarfi. Shekara bisa shekara yana cin masu launin nan, waɗanda ake kira felsfa, har su rikiɗe su zama yumɓu. Masu ƙyallin kuwa, wato kwaz, asid ɗin ba ya iya musu, sai su zube a yadda suke, ruwa ya kwashe su zuwa rafi. Su ne yashi. Ashe yumɓun tukunyar da yashin da aka cusa a tsakani daga irin dutse ɗaya suka fito.

Maginiya ta kwaɓa yumɓu, ta gina, ta shanya a inuwa, sannan a kai matoya a lulluɓe da kara da ciyawa a cinna wuta. Abin da ke faruwa a cikin wutar mataki-mataki ne. Wajen digiri 100, ragowar ruwan kwaɓi ke fita, kuma in aka yi gaggawa tururin ya rasa hanya, tukunya ta fashe. Tsakanin digiri 500 da 600, wani ruwan daban, wanda ke ɗaure a cikin ginin sinadarin yumɓun kansa, shi ma ya fice. Daga nan babu komawa: ɗanyar tukunya ruwa na narkar da ita, gasasshiya kuwa ko shekara ta yi a rijiya ba za ta koma laka ba. Jan launinta ƙarfen da ke cikin ƙasar ne ya haɗu da iskar oksijin, abin da ke faruwa ga fartanyar da ta yi tsatsa. Baƙin tabo kuma wurin da hayaƙi ya lulluɓe ne iska ba ta samu shiga ba.

Wutar kara ba kasafai take wuce digiri 900 ba. Wannan ya isa ya manne ƙwayoyin yumɓu da juna, amma bai isa ya narkar da su su toshe 'yan ƙofofin da ke tsakani ba. Ta waɗannan ƙofofi ruwa ke tsatsowa waje, kamar yadda yake hawa tsakanin ƙwayoyin yashi da kansa. Tangaran ana gasa shi ne a digiri 1,200 ko fiye, jikinsa ya rufe ruf, ba ya gumi. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, inda aka riƙa shafa wa tukwanenta ruwan ƙyalli ana gasa su a wuta mai tsanani. Sun yi kyau, sun shiga gidajen tarihi na duniya, amma ba za su sanyaya maka ko kofi ɗaya ba. Randar kasuwar Shuwarin ta fi su a wannan fage. Mata kuma sun daɗe da lura cewa sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyi. Gaskiyarsu ne: duk ruwan da ya bushe yana barin gishirin da ke narke a cikinsa, da sannu gishirin da datti su cike ƙofofin.

Saura tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga manomi. Tukunyar ba ta kai sanyin firji ba, ko kusa. A ranar da iska ke digiri 38, cikinta zai iya sauka ƙasa da 30, wani lokaci ya doshi 25. Ta yaya wannan ɗan ragi zai mayar da kwana uku ya zama mako uku?

Amsar ita ce tumatirin da aka tsinka bai mutu ba. Yana numfashi. Yana shaƙar oksijin, yana ƙona sukarin da ke jikinsa, yana fitar da kabon dayoksaid da ruwa da zafi, kamar yadda ni da kai muke yi. Sa hannu a tsakiyar kwandon tumatir da ya kwana a mota za ka ji ɗumin. Yayin da yake jikin uwarsa, ganye na dafa masa abinci, saiwa na kawo ruwa. Da zarar an cire shi, guzurin da ke cikinsa kaɗai yake ci, in ya ƙare shi ke nan. Wannan ƙonawa aikin sinadarai ne, kuma a jikin 'ya'yan itace da kayan lambu saurinta kan ninka sau biyu, wani lokaci uku, duk sanda zafi ya ƙaru da digiri 10. Sauke tumatir daga 38 zuwa 26, ka rage masa cin guzuri da rabi ko fiye.

Ga kuma ƙishirwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyin tumatir ruwa ne, haka ma alayyafo, wanda faɗin ganyensa ke sa busasshiyar iska ta tsotse shi cikin sa'o'i. A cikin rufaffiyar tukunya iskar cike take da laima, ba ta da wurin ɗaukar ƙari, sai ganyen ya riƙe nasa. Ga ƙwayoyin bakteriya da fumfuna, waɗanda su ma zafi ke zaburar da su. Akwai bakteriyar da, in ta sami ɗumi da abinci, take rabuwa biyu duk minti 20. Cikin awa bakwai ɗaya ta haura miliyan biyu. Sannan tumatir, kamar ayaba da mangwaro, yana fitar da wata iska mai suna etilin da ke hanzarta nunarsa da ta maƙwabtansa, wanda ya ji rauni kuma ya fi fitar da ita. Shi ya sa mai tukunya take tsince fasassu kafin ta jera, take kuma leƙawa kullum ta fid da wanda ya fara laushi.

Akwai ma wani abin da ba a cika faɗa ba. Tumatir ɗan ƙasar zafi ne, in aka daɗe da shi ƙasa da digiri 12 ko kusa da haka, ɗanɗanonsa kan tafi, jikinsa ya yi lumus. Saboda haka gare shi sanyin tukunya ba wai da babu gara ba daɗi ba ne, kusan abin da yake so ne. Nama da madara kuwa wani labari ne, suna son ƙasa da digiri 5. Allurar rigakafi tana son tsakanin 2 da 8. Kada wanda ya jefa waɗannan a tukunya ya kwanta da sakin jiki.

Bah Abba bai tsaya a gwaji ba. Da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina tukwane 5,000 ya raba a garuruwa biyar na Jigawa, a 1999 ya ƙara 7,000. Da ya ga bayani da baki bai isa ba, sai ya shirya wasan kwaikwayo aka ɗauka a bidiyo, ana haska shi a ƙauyuka da dare a jikin farin ƙyalle da ɗan janareta. Hujjarsa mafi ƙarfi ba ta kimiyya ba ce. Gidan da kayan lambunsa ke lalacewa cikin kwana ɗaya, dole a ɗora wa yarinya talla kullum don a rabu da su. In za su kwana, ana iya jiran ranar kasuwa, yarinya ta tafi makaranta. A shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex tare da dala 75,000, a 2001 kuma mujallar Time ta Amurka ta sa tukunyar cikin ƙirƙire-ƙirƙiren shekara. Dabarar ta kai har Alfashir a yankin Darfur na Sudan, inda mata magina suka karɓe ta. Ya rasu a 2010, Allah ya jiƙansa.

Wasu kan ce ai ba shi ya ƙago ba, tun zamanin Fir'auna mutanen Masar ke sanyaya ruwa a tulun ƙasa, haka Indiya, haka kakanninmu. Ba a musu. Amma randa ruwan cikinta take sanyayawa. Raba ruwan da kayan ajiya, a ba ruwan gidan yashi, a bar wa kaya busasshen wuri mai sanyi, sannan a bi ƙauye-ƙauye har mutane su karɓa, wannan aiki ne, kuma shi ya yi shi a nan. Ba kuma zan ce tukunyar ta warware matsalar manomin rani ba. Mai lambu a bakin dam ɗin Warwade da ya tsinki kwando talatin a rana ɗaya, tukunya nawa zai jera? Tana da nauyi, tana fashewa, tana shan ruwa a lokacin da ruwa ya fi tsada. Irin wannan manomi har yau kauɗa ce madogararsa: ya yanka ya shanya, rana ta kwashe ruwan, ƙwayoyin ruɓa su rasa abin rayuwa. Dabinon da Dutse ta yi suna da shi, har cibiyar binciken NIFOR take da reshe a garin dominsa, da kansa yake wannan dabara. Yana bushewa sukarinsa ya yi kauri, duk ƙwayar da ta sauka a kansa sai sukarin ya tsotse ruwan jikinta.

Jigawa ba baƙuwar karatun kimiyya ba ce. Tsohuwar Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, daga baya aka ƙara wasu, cikinsu har da na 'yan mata a Taura da Jahun da ta maza a Kafin Hausa, waɗanda suka faɗo rabon Jigawa da aka ƙirƙire ta ranar 27 ga Agusta, 1991. Likitoci da injiniyoyi da yawa daga nan suka fito, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011. Abin da nake ƙorafi a kai tsarin koyarwar ne, a ko'ina cikin ƙasar nan. A ƙaramar sakandare kimiyya darasi ɗaya ce. Yaro na shiga aji huɗu sai a tsaga masa ita gida uku, kowane da malaminsa da littafinsa da ranar jarrabawarsa. Ɓoyayyen zafi ya zo a wannan zango, gishirin ruwa a wancan, numfashin tsiro a wata shekarar. Ya haddace ma'anar kowane da Turanci saboda WAEC da NECO, ya ci, ya koma gida ya ɗebi ruwa a randa, bai taɓa kawowa a ransa cewa abin da ya rubuta ɗazu ne yake sha ba. Rabuwar tana da amfaninta, ba wanda zai koyi komai a zama ɗaya. Amma ya kamata ko sau ɗaya a zango malaman uku su tsaya a gaban abu guda.

Kuma kada a ce babu kayan aiki. Tukwane huɗu, yashi, ma'aunin zafi uku, da sikelin mai shago sun isa. A haɗa tukunya cikin tukunya sau biyu, ɗaya a bar ta yadda take, ɗaya a naɗe bayanta da leda, a ga wadda za ta yi sanyi. A auna nauyin tumatir biyar na ciki da biyar na waje kowace safiya, ɗalibai su zana yadda nauyin ke raguwa. A rufe wasu tumatir a kwalba tare da ɗan kofin tataccen ruwan farar ƙasa, washegari a ga ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, shaidar numfashi ke nan. Gani ya kori ji.

Gwajin da ya fi koyarwa kuwa shi ne na ma'aunai uku. A rataye ɗaya a inuwa haka nan. Na biyu a naɗe kansa da jiƙaƙƙiyar auduga a riƙa yi masa fifita. Na uku a sa shi cikin tukunya. Na biyun shi ke nuna iyakar sanyin da bushewar ruwa za ta iya bayarwa a wannan rana, tukunya ba za ta taɓa sauka ƙasa da shi ba. A ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, lokacin da zafin Dutse ke taɓa digiri 40, laimar iska kuma ta faɗi wajen kashi 15 cikin 100, mai audugar zai tsaya kusa da 21, tazarar digiri 19. A ajiye littafin, a sake gwajin a Agusta ko farkon Satumba. Iska tana digiri 30, laimarta kashi 80, ta riga ta ƙoshi da ruwa, mai audugar ba zai sauka ƙasa da 27 ba. Yashin zai wuni a jiƙe, tukunyar ta zama wurin ajiya kawai, fumfuna ma ta fi samun sakewa a cikinta. Ɗalibin da ya rubuta alƙaluman bazara da na damina da hannunsa zai iya duba ma'aunai biyun da ke rataye ya faɗi, kafin a ɗaga tsumma, kusan abin da na ukun zai nuna.